Ruwan da Ke Tashi Sama Babu Inji: Yini Guda a Gandun Chatsworth

Ba kallon lambu ya kai ni Ingila ba. Ɗan wana ne ya kammala digiri na biyu a Sheffield, mahaifinsa kuma ba shi da lafiyar doguwar tafiya, sai 'yan uwa suka ce in je in wakilci gida a bikin yaye su. Na bar shinkafata a Kura tana shan ruwan Yuli, na damƙa wa babban ɗana gona, na hau jirgi daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can zuwa Manchester. Tun ina haɗa kaya yaron ya bugo waya ya ce, "Baffa, don Allah kar ka ɗauko kilishi, ba a shigowa da nama ƙasar nan." Na cire ƙullin da uwargida ta yi masa, na bar ƙuli-ƙuli da yaji da dabino. A filin jirgi layin duba fasfo ya yi tsawo, amma da na isa gaban jami'ar, tambaya uku ta yi mini: wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, ina tikitin komawa. Ta duba takardar gayyata, ta buga hatimi. Daga nan har Sheffield a jirgin ƙasa babu shinge ko ɗaya, babu mai cewa sauko da jaka.

An yi biki lafiya, an ɗauki hotuna, an aika gida. Ranar Asabar da dare yaron ya ce, "Baffa, gobe zan kai ka wani wuri. Kai da kullum maganarka ruwa ce da kwata da kuɗin fetur ɗin injin ban ruwa, akwai abin da ya kamata ka gani da idonka." Na tambaye shi ko dam ne. Ya ce a'a, gidan wani basarake ne.

Da safe muka hau bas mai lamba 218 da ke zuwa Bakewell. Kuɗin mota bai taka kara ya karya ba, kuma da kati ake biya. Da muka fita daga gari hanya ta hau wani tudu mai faɗi, babu itace, sai wata gajeriyar ciyawa mai duhu da duwatsu baƙaƙe da tumaki nan da can. A lokacin ban san cewa ruwan saman da irin wannan tudu ke sha shi ne zan yini ina bi ba. Muka sauka a wani ƙauye da ake kira Baslow, domin yaron ya ce wanda ya shiga Chatsworth a mota ya yi asarar rabin kallo. Muka bi wani lungu tsakanin gidajen dutse, muka iske wata ƙofar ƙarfe mai juyawa wadda mutum ke wucewa amma dabba ba ta iya bi. Babu mai gadi, babu mai karɓar kuɗi. Ka tura ka shiga, shi ke nan.

Da na ɗaga kai sai na tsaya cak. Fili ne kore shar har iya ganin ido, eka 1,000, ga manyan itatuwa tsaye ɗaya-ɗaya, kowanne da inuwarsa, ga kogin Derwent yana tafiya a hankali a gefen dama. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne gonakin ƙauyenmu lokacin ina yaro, kafin gatari ya ci su: ɗorawa a nan, gawo a can, tsamiya a kan iyaka, kuka a bakin hanya, kowace da tazara tsakaninta da 'yar uwarta. Tsarin ɗaya ne. Har ma na lura ƙasan rassan kowane itace a daidaice yake kamar an sa almakashi, ashe iyakar inda bakin dabba ke kaiwa ke nan, kamar yadda awaki ke yi wa namu. Bambancin shi ne namu mun bar su ne don kalwa da ganyen dabbobi da inuwar hutun noma, su kuwa nasu an dasa da yawa daga ciki ne don ido ya huta.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a safiyar. Ni na ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Sai yaron ya bayyana mini cewa a shekarun 1760 mai gidan na lokacin ya ɗauko wani gwanin tsara fili, Lancelot Brown, wanda suke yi wa laƙabi da Capability. Aka share gonaki da shingaye, aka gyara tudu da kwari, aka faɗaɗa kogi, aka dasa itatuwa a inda ake so ido ya sauka. Duk da hannu da shebur da amalanken doki. Mutumin da ya dasa su ya san ba zai ga girmansu ba. Na daɗe ina juya wannan a raina muna tafiya, don ni kaina na sha cewa zan dasa mangwaro a iyakar gonata, ina fasawa saboda shekarun jira.

Tumaki ne ko'ina, babu makiyayi, babu igiya. Gajeru ne masu faɗin baya, an yi musu aski bai daɗe ba. Idan aka tsayar da ɗaya kusa da balami ko uda na kasuwar Wudil, a tsawo ba za ta kai ko'ina ba, amma nama a cike yake. Ba sa gudun mutum. Can nesa a gindin wasu itatuwa muka hango garken barewa suna kiwo, su ma na gandun ne. Wata tsohuwa mai jan kare da igiya ta gan ni da hula da doguwar riga a ƙarƙashin kwat, ta tsaya ta gaishe mu, ta ce ita a Baslow take kuma kusan kullum sai ta zaga nan. Na sa yaron ya tambaye ta ko ba a taɓa hana ta ba. Ta ce filin kiwon a buɗe yake ga kowa, gida da lambu ne ake biya.

Mun yi kusan minti 40 muna tafiya kafin gidan ya bayyana. Kafin a kai gare shi akwai wani ɗan gini na dutse mai matakala, kewaye da ramin ruwa, wanda ake dangantawa da Mary, sarauniyar Scotland. An tsare ta a Chatsworth sau da dama a shekarun 1570, a hannun Earl na Shrewsbury, mijin ƙarshe na matar gidan, Bess ta Hardwick, kuma ana cewa a nan ake barinta ta sha iska. A ƙarshe an fille mata kai a 1587. Na hau matakalar na duba. Wuri ne mai kyau, amma ɗan ƙarami, kuma duk inda ka juya kana ganin filin da ba a yarda ta taka ba.

Daga kan gadar dutse mai baka uku ake ganin gidan sosai, kuma da gangan aka gina ta a wannan kusurwa. Dutsensa ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske, an shafa wa katakon tagoginsa ruwan zinariya, bayansa kuma dutse ne mai tsawo lulluɓe da kurmi. Zuri'ar Cavendish ce ke da wurin tun 1549, lokacin da Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick suka saye shi. Babban ɓangaren ginin da ake gani yanzu an fara shi a 1687, aka gama a 1707. Masu gidan suna riƙe da sarautar Duke na Devonshire, kuma na yanzu shi ne na 12. Sai dai riƙon bai zo da sauƙi ba. Da na 10 ya rasu a 1950, gwamnati ta ɗora harajin gado na kashi 80 cikin 100, dole aka sayar da filaye, aka miƙa kayan tarihi da wani babban gidansu na Hardwick a madadin kuɗi. Tun 1981 wata gidauniya ce ke kula da gidan da lambun da kuɗin masu ziyara, iyalin kuma haya suke biya a ɓangaren da suke zaune. Na tuna gidaje nawa na sani a Kano da rabon gado ya mai da su shaguna cikin shekara biyu.

Ba mu shiga cikin gidan ba. Tikitin lambu kaɗai ya haura fam 10 kowane mutum, kuma idan na juya shi zuwa naira sai in ga buhun taki yana raguwa. Na ce wa yaron ni dai a kai ni wurin ruwan.

Lambun eka 105 ne. Farkon abin da muka nufa shi ne wata doguwar matakala ta dutse da ruwa ke gangarowa a kanta daga gefen tudu, hawa 24. An fara gina ta a 1696, aka ƙara mata tsawo bayan 'yan shekaru, aka yi mata ɗan ɗaki mai ƙubba a sama wanda ruwa ke fita ta bakinsa da rufinsa. Yara sun tuɓe takalma suna hawa suna sauka a ciki. Ni kuma na bi gefe a hankali ina saurare, don an ce kowane hawa an sassaƙa shi daban da ɗan uwansa saboda ƙarar ruwan ta riƙa canzawa. Gaskiya ne. Wani wuri yana shuu, wani wuri yana ɓulɓul, kamar yadda mai ban ruwa ke gane ƙofar kwata ta cika ko ta toshe tun kafin ya gan ta. A ƙasan matakalar ruwan yana nutsewa cikin ƙasa, bututu ya kai shi ga wani maɓuɓɓugi a gaban gidan, daga nan ya wuce wani a ƙasa, sannan ya faɗa kogi. Ruwa ɗaya, aiki uku, kuma ba a kunna komai ba.

Sai muka zagaya kudu da gidan, inda aka haƙa wani dogon tafki miƙaƙƙe a 1702. A nan na ga abin da yaron ya kawo ni in gani. Daga tsakiyar tafkin ruwa ne ke tashi sama, fari fat, ya fi dogon giginya nesa ba kusa ba, iska tana kwasar feshinsa tana watsa wa mutane. Na kasa kunne ina neman ƙarar inji, ban ji ba. Na duba ko zan ga ɗakin janareta ko wayar lantarki, babu.

Wani dattijo ma'aikacin lambu yana gyaran gefen ciyawa kusa da mu. Na ce wa yaron, "Ɗana, tambaye shi ina injin yake." Dattijon ya yi murmushi ya nuna saman dutsen da ke bayan gidan. Ya ce a can aka haƙa tafki mai faɗin eka 8, kimanin mita 110 sama da inda muke tsaye, aka jawo ruwan tudu da kwata ya taru a ciki, aka shimfiɗo bututun ƙarfe zuwa ƙasa. Nauyin ruwan da gangaren su ne injin. An yi aikin cikin wata 6, daga 1843 zuwa 1844, har da dare ana yi da fitilu, saboda ana sa ran Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya zai kawo ziyara. Bai zo ba, amma sunan ya zauna, ana kiransa maɓuɓɓugin Emperor, wato na babban sarki. An taɓa auna tashinsa ya kai mita 90. Dattijon ya ce yanzu ba a cika buɗe shi duka ba, don ruwan yana da iyaka, kuma idan aka yi fari sai a rage lokacin. Daga 1893 ma da wannan ruwan aka fara samar wa gidan wutar lantarki.

Na ce a gaya masa mu ma muna da irin wannan hikima. Ruwan dam ɗin Tiga da kansa yake gangarowa ta babbar kwata har Kadawa da Kura, babu mai tura shi. Amma ni gonata a ƙarshen layi take, kuma idan ƙananan kwatoci suka cika da laka da kacala, ruwan ba ya isowa, sai in koma sayen fetur. Ya gyaɗa kai kamar ya san zancen. Ya ce su ma kullum cikin share kwata da toshe yoyo suke, ganye ɗaya-ɗaya ne ke taruwa ya tsayar da ruwa. Mun yi kusan rabin awa muna magana ta bakin yaron. A duk kwanakin da na yi a Ingila, wannan ne mutumin da na ji mun fahimci juna da shi sosai.

Wanda ya tsara maɓuɓɓugin shi ne Joseph Paxton, ɗan manomi, wanda aka ba shugabancin lambun a 1826 yana ɗan shekara 23 ko ƙasa da haka kaɗan. Duk inda ka juya aikinsa ne. Akwai wani wuri da ya sa aka jawo manyan duwatsu aka ɗora su kan juna har suka zama kamar Dala ƙarami, da ruwa yana zubowa daga sama. Ya kuma gina wani ƙaton ɗakin gilashi, tsawonsa mita 84, wanda a zamaninsa babu kamarsa a duniya, don a rayar da itatuwan ƙasashen zafi. Tukwane 8 ake hura wa gawayin kwal don ɗumama shi, kuma ta ramin ƙarƙashin ƙasa ake shigo da kwal ɗin don kada baƙi su ga datti. Mun shiga ramin, duhu da sanyi da ɗigar ruwa, na yi ta tunanin waɗanda suka yi shekaru suna tura kaya a ciki. Lokacin yaƙin duniya na farko aka rasa kwal da ma'aikata, itatuwan suka mutu, aka rushe ɗakin a 1920. Abin da ke buƙatar wuta ya tafi, na ruwan yana nan yana aiki. A gurbinsa yanzu an dasa shingen itace mai lunguna masu ruɗarwa, yara suna ta ihu a ciki suna neman hanya.

A wannan lambu ne kuma Paxton ya rayar da wata ayaba a shekarun 1830, aka sa mata sunan masu gidan. Irin Cavendish ke nan, wadda ita ce mafi yawan ayabar da ake safara tsakanin ƙasashe a yau. Ayaba daga garin da ko a Yuli sai da kwat!

Muka ci abin da muka zo da shi a kan benci, burodi da ƙwai da ƙuli-ƙuli, muka sayi shayi kofi biyu. Sannan na ce sai na ga tafkin sama da idona. Yaron ya ce, "Baffa, hawan da wuya fa, ga gwiwarka." Na ce mu je.

Ya yi gaskiya. Hanyar ta bi cikin kurmi, akwai matakala ta dutse mai santsi, kuma muna tsakiya sai ruwa ya sauko, irin siririn nan mai sanyi da ba ya tsawa ba ya ɗaukewa. Takalmina na fata ne na zuwa biki, bai dace da wurin ba, ruwa ya shige shi. Sau huɗu ina tsayawa in dafa itace. Yaron ya cire rigar ruwansa ya ɗora mini, na ƙi, ya nace. A sama muka iske wata hasumiya ta dutse da aka gina wajen 1582, zamanin Bess, don kallon farauta. Daga gindinta gidan ya koma ƙarami, ga kogi, ga gada, ga farin ruwan nan yana tashi. Muka ƙara gaba kaɗan sai ga tafkin. Shiru, babu kowa sai agwagi. Ruwa ne baƙi mai sanyi a cikin itatuwa, ko kaɗan bai yi kama da abin da zai iya tashi mita 90 ba. Na bi wata 'yar kwata ta dutse da ke kawo masa ruwa, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, a share take tas. A nan muka yi alwala da ruwan gora, muka duba alƙibla a waya, muka shimfiɗa kwat a gindin itace muka haɗa azahar da la'asar.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Muka tsallake gada muka haura wani ɗan tudu zuwa ƙauyen Edensor, wanda su suke furtawa Enza. Ƙauye ne tsaf, kowane gida da fasalinsa daban. Amma da na ji tarihinsa sai jikina ya yi sanyi. A da garin yana kusa da kogi, ana hango shi daga tagogin babban gida. Aka fara rushe wani ɓangare a zamanin Brown, sannan tsakanin 1838 da 1842 aka ƙarasa tayar da shi aka sake gina shi a bayan tudu, inda ido ba zai kai ba. Gida ɗaya tak aka bari a tsohon wurin, yana nan shi kaɗai a tsallaken titi. An gina musu gidaje masu kyau, ban musa ba. Amma na san abin da tashi yake nufi, na zauna da dattawan da ruwan dam ya ci garuruwansu, har suka tsufa suna nuna tsakiyar ruwa suna cewa can ne gidanmu. Su an tashe su don a noma abinci, waɗannan kuwa don mai gida ya buɗe taga ya ga kore. Filin nan da ya burge ni da safe, ashe wani ɓangarensa ƙofar gidan wasu ne. A maƙabartar cocin garin aka binne Paxton, haka kuma Kathleen, ƙanwar shugaban Amurka John Kennedy, wadda ta auri ɗan gidan, ta rasu a haɗarin jirgin sama a 1948.

Ƙafata ba ta iya ƙarin tafiya ba, sai muka jira bas zuwa Bakewell. Muka kama ɗaki mai gado biyu a gidan wata mata, fam 90 har da karin kumallo. Ƙarfe 9 na dare ta wuce rana ba ta gama faɗuwa ba, ga gajiya, ga jiran magariba. Muka ci soyayyen kifi da dankali a takarda, na barbaɗa yajina. Matar ta karɓi takalmina ta cusa masa tsohuwar jarida ta ajiye kusa da abin ɗumama ɗaki. Da safe, da yaron ya gaya mata ba ma cin naman alade, ta ɗauko wani kasko daban ta soya mana ƙwai, ta haɗa da wake da tumatir da burodi. Ta kuma ba ni yankan wainar garin da suke alfahari da ita, mai ƙwai da almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Zaƙinta ya yi mini yawa, amma na cinye.

Litinin ce ranar kasuwar Bakewell, har da ta dabbobi. Na shiga rumfar gwanjo na ga ana shigo da tumaki rukuni-rukuni, mai kira yana zuba magana kamar sanƙira, masu saye kuma ba sa cewa uffan, sai ɗaga yatsa ko gyaɗa kai. Babu dillali mai riƙe hannu, babu albarka, babu sallama. Hannayensu kuwa irin namu ne, masu kanta da tsaga.

Bayan kwana 5 na dawo gida. Na iske shinkafa ta yi kyau, damina ta riƙe ta. Washegari da sassafe na bi ƙaramar kwatarmu tun daga ƙofar ruwa har gonata, ina ƙirga inda ta toshe, na sami wuri 11. Da yamma na zaga gidajen maƙwabtan gona, mu 7 ne a layin, muka sa ranar gayya kafin noman rani. Mangwaro kuma na sayo dashe 6 a Kura, na sa su a iyakar gabas, na kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki.